Jan Zare a Kusurwar Tuta

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa yaran firamare sunayen ƙasashe da manyan biranensu, amma ranar da aka nuna mini tuta ɗaya tak aka tambaye ni ta wace ce, sai na faɗi abin da ba shi ba. Kuma ba don ban sani ba. Tabarauna yana cikin jaka, na ji ƙyuyar ciro shi.

A shagon telanmu abin ya faru, a bakin kasuwar Kafanchan. Dattijo ne Musulmi, daga gidajen da suka kafu a garin tun ba a haife ni ba. Ubansa ne ke ɗinka wa ma'aikatan jirgin ƙasa kaki a zamanin da tasharmu take da rai, shi kuma ya gaji keken da kujerar, har da taurin kan. Shi ke yi mana rigunan zumuntar mata, shi ke yi wa mawaƙan majami'armu manyan rigunansu, kuma shi ya ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta har suka gama. Duk rigingimun da aka sha a garin nan, da aka raba unguwanni aka raba mahauta, mu dai ba mu sake tela ba. An taɓa tayar da maganar a taron mata, na ce duk wadda ta samo wanda ya fi shi ta kawo mana. Har yau ina jira.

Yana da wata al'ada a aikinsa. Duk abin da zai fita daga hannunsa sai ya kalmasa bakinsa sau biyu, sannan a kusurwa ta ciki ya yi ɗan ƙulli da jan zare, bai fi ƙwayar dawa ba. Ubansa ne ya fara haka don kada kakin mutanensa ya ɓace a wurin wanki. Ko tsumman goge tebur ka kai masa sai ya yi masa wannan gata. Na sha yi masa tsiya a kai.

"Alhaji, don Allah wa zai leƙa bayan zanen gado ya duba zarenka?"

"Malama, ni zan sani," haka yake cewa, ko ɗago kai ba ya yi.

A daminar da nake magana, tsadar rayuwa ta kai inda shinkafa ta zama abin da ake kallo a wuce. Mu 'yan fansho mun koma cin abinci sau biyu muna cewa likita ne ya hana na uku. Matasa suka ce za su fita kan titi a ko'ina cikin ƙasar. Gwamnati ta ce kada wanda ya kuskura, aka sa limamai da fastoci roƙo, a rediyo kuma yau wannan ƙasar waje ta ce a kai zuciya nesa, gobe waccan ta ce a bar jama'a su yi magana. A maƙwabciyarmu ta arewa sojoji sun riga sun ture farar hula, sun sallami Turawan da suka saba da su, sun jawo wasu sababbi. Yaranmu suna kallon wannan a waya suna murna, wai mu ma a zo a yi mana haka. Ni da na fara aiki a ƙarƙashin mulkin soja, na ga an sa shugaban makarantarmu tsallen kwaɗo a gaban ɗalibansa don ya makara, ba ni da abin ce musu sai tsaki.

Ran nan na je karɓar rigunanmu. Babban taron mata a garin Gidan Waya ya matso, shi kuma bai gama ba, don haka tun daga gida raina a ɓace yake. Ina cikin sauke masa faɗa sai ga samari biyu, 'yan garin ne amma a Sabon Tasha suke zaune a Kaduna. Suka nuna masa hoto a waya: fari a sama, shuɗi a tsakiya, ja a ƙasa. Guda goma suke so, kuma a ranar.

"Malama, ke ce mai boko," in ji shi, ya miƙo mini wayar. "Wannan ta wace ƙungiya ce?"

Na kalle ta daga nesa, launukan suna rawa a idona. Na ce, "Ta 'yan ƙwallo ce mana. Me yaran nan suka sani ban da ƙwallo? Yi musu su tafi, ka dawo kan aikinmu."

Samarin suka kalli juna, ba wanda ya gyara mini. Ya ce ba shi da yadin. Ni da bakina na ce ai ga ragowar farin rigunanmu, ga shuɗin kayan makaranta, ga kuma jan da ya saura daga na mawaƙa, ya haɗa. Ya haɗa kuwa. Ina zaune ina kaɗa ƙafa yana bin kowace tuta da kalmasa biyu da ɗan ƙullinsa, har na ce masa wannan fa ba kayan aure ba ne.

Bayan 'yan kwanaki aka fita zanga-zangar. A gidan maƙwabciyata na gani a talabijin, wannan karon da tabarau a idona: titunan Kaduna cike da matasa, suna ɗaga fari da shuɗi da ja, suna kiran soja ya zo ya karɓa. Tutar Rasha ce. Na zana ta a allo ban san sau nawa ba. Sai ga manyan sojoji a jere suna cewa wannan cin amanar ƙasa ne, da hannun 'yan waje a ciki, kuma za a nemo duk wanda ya ɗinka. Na lalubi hannun kujera na zauna.

Ba samarin ne suka tona shi ba. A hanyarsu ta dawowa gida aka tare motar da suka shigo a shingen sojoji na bakin gari, aka sami ragowar tutoci a jakarsu. Sojojin nan shekara da shekaru suna tare da mu, kuma duk wanda aka ba sabon kaki wurin telanmu yake kai shi a rage masa faɗi. An ce sajan ɗin shingen ya juya bakin tutar, ya ga jan ƙullin, sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa ya gwada. Da hantsi suka zo shagon, suka ɗauke shi tare da keken.

'Yata ta ce kada in je. "Mama, ba ruwanki. Yana da 'yan'uwansa, su je." Fasto ya ce a sa shi a addu'a. Na ce a sa, ni kuma zan sa takalmi. Na tattara duk abin da ya taɓa ɗinka mini a cikin jaka, na hau babur zuwa inda sojojin suke.

Kwamandan yaro ne, bai wuce sa'an ɗana na biyu ba, idanunsa jajur don rashin barci. Ya ba ni kujera. Na ƙi zama, na zazzage jakar a kan teburinsa: rigar zumunta, rigar baftismar jikata, labule, zanen tebur. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juya kusurwa.

"Ga shi nan, ga shi nan, ga shi nan. In jan zare ne laifin, to rabin garin nan za ku kwasa, Kirista da Musulmi. Kai ma naɗe wandonka mu gani."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba, ya amsa da Hausarsa ta bariki. "Mama, na sani. Nawa ma shi ya gyara. Amma wannan magana ya wuce ni. Oda ne daga sama."

Na ce masa mutumin nan bai san Rasha daga Kagoro ta nan kusa da mu ba. Ni ce na ce masa ta ƙwallo ce, ni ce na ba da yadin, ya ɗauki biro ya rubuta.

Ya ɗauki biron. Sannan ya ce, "Mama, a can sama suna neman wanda 'yan waje suka saya. Manya suna faɗa da manya. In na rubuta abin da ka faɗa, mutum biyu zan aika, ba ɗaya ba. Ba wanda za a saki. In rubuta?"

Gaskiya ita ce tsoro ya kama ni, na tuna hawan jinina, na tuna jikokina, kuma da ya ajiye biron sai na ji sanyi a raina. Wannan sanyin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na fara mayar da kayana cikin jaka, ina ninke su a hankali kamar da wani abin kirki nake yi.

Kwamandan ya bar ni na ga telan kafin in tafi. Yana zaune a kan benci a baranda, ba hula a kansa. Ban taɓa ganin furfurarsa duka ba sai ranar.

"Malama, rigunanku suna cikin buhu a bayan ƙofa," in ji shi. "Maɓalli kawai ya rage."

"Alhaji, ka yafe mini. Ni na jawo maka."

"Ke kin ce a ɗinka," ya ce. "Ƙullin ni na yi."

Washegari aka wuce da shi Kaduna, daga can kuma aka ce an yi gaba da shi. Zanga-zangar ta mutu cikin mako biyu. Shinkafa ba ta sauko ba. Sojan da yara suka kira bai karɓi mulki ba, ya dai ƙara shinge a hanya. Ba a daɗe ba na ga jakadu da manyanmu a talabijin suna musabaha suna murmushi, kowa ya ce dama ba shi da hannu. Taronmu na Gidan Waya an yi shi daga baya, mun sa rigunan da fil a madadin maɓalli, don na hana a kai wa wani tela ya ƙarasa.

Sai da aka gama haƙar citta ya dawo. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma ce masa yi haƙuri ba. Ya rame, ya kwaso tari, keken ubansa kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Wani ɗan'uwansa ya ara masa tsohon keke ya koma shagon, saboda ba shi da wata sana'ar.

Gab da Kirsimeti na kai masa zane ya kalmasa mini. Da na koma gida na sa tabarau, na shimfiɗa shi a gado. Kalmasa ɗaya ce. Na bi kusurwa huɗun da yatsa, na sake bi, babu jan zare. Da safe na koma masa da shi.

"Alhaji, ka manta da ƙulli."

"Ban manta ba, Malama." Ya ci gaba da taka keken, bai dube ni ba. "Da kina cewa wa zai leƙa. Ashe akwai masu leƙawa."

Na naɗe zanen na koma gida da shi. Ina ɗaura zanen nan zuwa majami'a kusan kowace Lahadi. Tun wanki na uku bakinsa ya fara warwarewa, kuma har yanzu ban iya mayar masa ya gyara ba.