Awon Wuyan Yaya

Yayata tela ce, kuma duk layinmu ba mai fitar da wuyan riga kamarta. Sai ga shi ciwon daji ya tsallake ko'ina ya kama ta a wuya. Likitoci suka cire rabin ƙullin nan na gaban maƙogwaro da suke kira tayirod, suka bar mata rabi. Suka ce ta riƙa zuwa hoton sikanin duk wata shida, a ga ko abin ya dawo.

Tun daga nan ba ta karɓar ɗinkin da zai wuce ranar hoto, wai kada ta tafi ta bar kayan mutane a yanke. Na yi faɗa har bakina ya gaji, ina ji ina gani mata na wucewa da yadinsu shagon gaba.

Ni ke raka ta. Ɗakin hoton duhu-duhu ne, a tura mata filo ƙarƙashin kafaɗa, a shafa man nan mai sanyi a kan tabon. Ba ta ganin allon na'urar, sai ta kasa kunne ga maɓallan da mai hoton ke dannawa yana awo. A wurinta, ba a maimaita awo sai an ga abin da bai yi ba. Ran da bawan Allah ya auna wuri ɗaya sau biyu, kafin sakamako ya fito ta mayar wa kowa yadinsa, ta lulluɓe keken ɗinkinta. Ashe hannunsa ne ya goce.

Zuwanmu na ƙarshe, likita ta yi murmushi ta ce komai lafiya lau, daga yanzu sai bayan shekara. Ni har na fara murna. Yaya kuwa ta kai hannu wuyanta.

"Likita, shekara guda ba wanda zai duba?"

"Ai albishir na yi miki."

"A taimaka a bar min wata shidana. Da shi na saba."

Haushi ya kama ni, ga kuma tausayinta. Da muka koma shago, wata ta kawo ɗinkin auren 'yarta, ta ce ba gaggawa, da sauran wata takwas. Yaya ta shafa yadin, ta yaba shi sosai, sannan ta ninke ta miƙa mata abinta, wai ya wuce wata shidanta.