Ledar da Na Ɓare a Gashuwa

Shekara ashirin da biyu ina hawan ƙarfen sabis. Daga Nguru zuwa Dapchi babu eriyar da ban sani ba, ko a mafarki ta gifta sai na faɗi lambarta. Amma ranar da aka tura ni Gashuwa, farkon daminar bara, ba za ta fita daga raina ba.

Wani ƙaramin asibiti ne a gefen gari, sabis ba ya shiga ɗakin haihuwa. In ana neman mota da gaggawa, sai ungozoma ta bar mai naƙuda ta fita waje tana ɗaga waya sama. Maigidana Injiniya Bukar ya riga ya kai sabuwar eriya. Aikina kawai in ja waya daga jikinta zuwa akwatin ƙara ƙarfin sabis.

To, kun san halina da leda. Mutanenmu kan bar ta a kujerar mota har ta tsufa, ni kuwa na tsani haka. Ina shiga ɗakin haihuwar na ga wata shimfiɗe a gilashin taga. Na ce, "Ƙauyanci!" Na ɓare ta tsaf na yar, na shiga neman eriya. Na zazzage kwali, na leƙa rufi, har ƙarƙashin gado. Sai na kira Injiniya.

"Ranka ya daɗe, an manta ba a kawo eriyar ba."

"Malam Sabo, tana manne a gilashin taga. Kamar leda take, akwai zaren ƙarfe a ciki wanda ido ba ya gani. Ita kaɗai aka aiko mana, kada ka bari kowa ya taɓa."

Wallahi gumin da na yi zai ishi noman shinkafa. Na duba ƙasa, an share tas. Ga aikina na shirin tafiya, ga ungozoma tsaye tana tambaya ko yau za ta huta da fita.

Na tarar da mai sharar, Ya Falmata, tana wanke tsintsiya.

"Baba, don Allah ina kika zubar da shara?"

"Ledar nan kake nema? Wa zai zubar da wannan? Hotona na Makka zan rufe da ita."

Ashe ta shimfiɗa ta tsakanin kwalaye biyu don kada ta lanƙwashe. Na mayar da ita jikin gilashin, na haɗa waya. Sabis ya cika taf, ungozoma ta kira Nguru daga bakin gado.

Tun ranar, abin da ban gane ba sai na tambaya kafin in taɓa, kuma duk inda na je aiki masu shara nake fara gaisarwa. A ranar dai na yi ta yi wa Ya Falmata godiya, har na ce ai ni ne babban masanin eriya a Yobe ta Arewa.

Ta dube ni ta ce, "Allah sarki. To yaya ƙananan suke?"