Gurbin da Baba Kyari Ya Bari a Sahu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Yuli, 2001, Allah Ya karɓi ran Alhaji Kyari Abba na Yakasai, tsohon ma'aikacin sashen gashin ƙashi na asibiti. Na tambayi iyalansa shekarunsa, ba su haɗu a kan lissafi ɗaya ba, don haka ba zan rubuta ba. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Baba Kyari, a zamanin soja aka kwashe mahaifina, Malam Salihu mai ɗinki a Ƙofar Wambai, cikin wani kame da bai san dalilinsa ba. Da aka sako shi babu karaya a jikinsa, amma ko hannu aka ɗora masa a kafaɗa sai ya sandare, gumi ya karyo, ƙafafunsa su kama rawa. Mutumin da ba ya rasa jam'i ya koma sallah a ɗaki, domin ba ya iya jure kafaɗar wani a jikin tasa. Wannan ya fi tsarewar yi masa ciwo.

Dangi suka ce iska ce. Da ka zo duba shi, ba ka yi musu da kowa ba. Ka ce, "A ci gaba da addu'a. Salihu ya san an sake shi, jikinsa ne labarin bai kai wa ba."

Ba ka taɓa zuwar masa ta baya ba, ba ka kuma taɓa shi sai ka nemi izini. Kakan sa ya dasa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya saki numfashi a hankali. In rawar ta zo muka tashi danne shi, sai ka hana. "Ku bar ta ta gama, hanyar fita take nema."

Sannan ka kai shi masallaci, ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ka tsaya gefensa, ka bar gurbi tsakaninku. Malam Maharazu ladan ya leƙo ya ce, "Baba Kyari, a haɗe sahu mana, Shaiɗan zai shiga nan fa!"

Ka ce, "Bar shi ya shigo, Maharazu, na daɗe ina son in murɗe masa wuya."

Har mahaifina sai da ya yi dariya. Gurbin nan ya yi ta raguwa, amma bai taɓa rufewa ba, kuma ba ka taɓa gaggauta shi ba. Saboda kai na karanci gashin ƙashi, bana na gama. Abin da na karanta bai ba ni ikon cewa ya warke ba. Ƙarar takalmi mai nauyi har yanzu tana firgita shi.

Shi ya sa da labarin rasuwarka ya zo, tsoro ya riga baƙin ciki kama ni: wa zai tsaya gefensa? A wajen jana'izarka na neme shi a ƙarshen sahu, ban gan shi ba. Ashe yana tsakiya, mutane sun matse shi dama da hagu. Ƙafafunsa na rawa, ina gani. Bai fita ba har aka yi sallama, kuma da kafaɗar nan tasa ya ɗauki makararka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka kamar yadda ka yalwata wa bawanSa wuri, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga matarka Hajiya Falmata da 'ya'ya da jama'ar Yakasai, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Amin.

Ɗayyabu Salihu, Yakasai, Kano