Kujerar Honoré a Layi na Uku

Honoré Bastide mai gyaran agogo ne a wani lungu na birnin Marseille, amma ba da agogo aka san shi ba. Tun bayan yaƙi shi ke rubuta sharhin fim a 'yar jaridar unguwa, kuma duk Lahadi da yamma, in fim ya ƙare aka kunna fitilun silima, shi ke miƙewa ya buɗe muhawara. Ga baki kamar reza. In fim ya fara, ko tari ka yi sai ya juyo ya harare ka.

To, tsufa ba ya sallama. Ido ya fara yi masa gardama, ya rufe shago ya ce wai ya gaji. Silima ce ya kasa bari. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, kujerar nan ta layi na uku kaɗai ta rage masa. Tsoronsa ɗaya: in aka gane ba ya gani, wa zai ƙara sauraron sharhinsa?

Ana nan sai aka dawo da wani tsohon fim na Amurka, irin na kisan kai da bincike, rabi duhu rabi hayaƙin taba. Honoré bai ga komai ba sai inuwa tana bin inuwa. Amma littafin da aka ciro labarin ya san shi kamar yunwar cikinsa, don haka ya ƙudura da shi zai yi sharhi. A littafin, matar da ake zargi ta harbe mai binciken ta tsere.

Odile, mai haska wa mutane kujera da tocila, ta kalli fim ɗin tun jiya, ta san an sauya ƙarshen. Ta kuma daɗe tana ganin yadda tsohon ke laluben kujeru da hannu. Ta lallaɓa ta zauna a bayansa, ta kai baki kunnensa.

"Baba Honoré, ta ajiye bindigar a kan tebur. Ba ta harba ba."

Ya waiwayo a firgice. "Ke, wa ya aike ki?"

"Yi shiru, kana damun mutane. Ga shi ta miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa."

Kunya ta rufe shi. Ya zauna yana jiran wani ya tsawatar musu, asirinsa ya tonu. Shiru. Can sai Célestin mahauci, wanda Honoré ya taɓa kora waje saboda ɓare gyaɗa, ya yi magana daga gefe.

"Odile, ɗaga murya mana. Tsohon nan kunnen ma ya fara tafiya."

"Ki gaya masa ruwa ake yi a waje," in ji wata tsohuwa. "Yana son wurin ruwan sama."

Ashe kowa ya sani. Sun daɗe da sani, suka ci gaba da zuwa suna sauraronsa, ba wanda ya taɓa nuna masa. Daɗi da godiya suka cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, hawaye na zuba, bai ko share ba.

Da aka kunna fitilu ya miƙe, ya dafa kujera, ya juyo ga jama'a.

"Na gode muku," ya ce. "Odile, 'yata, taso ki gaya mana yadda fuskar matar take da ta ajiye bindigar. Sauran sharhin kuwa, ku bar mini."