Murfin da Na Ara

Kwararam! Ƙarar da murfin madambacina ya yi ke nan da ya kuɓuce mini, ya gangara ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya fito a lanƙwashe. Ranar Alhamis ce da hantsi, a ɗan gidanmu na unguwar Sharafiyya a Jidda, matan da muke karatun Alƙur'ani tare za su zo bayan azahar, ni kuma na riga na yi musu alkawarin dambun shinkafa. Na gwada duk murfin da ke madafin. Wani ya faɗa ciki, wani ya zauna kamar hular aro.

Sai idona ya kai kan kwalin maigidana a bayan ƙofa.

Maigidana makanike ne, yana aiki a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Khumra, kuma tsofaffin motocin Amurka yake gyarawa, irin masu ƙofa biyu da dogon gaba, waɗanda in an tayar da su sai tagogi sun girgiza. A lokacin yana kan motar wani dattijo haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, wanda kowa ke kira Ammu. Motar ta mahaifinsa ce. An gama komai, saura murfin matatar iska, kuma Ammu ya ce ba ya son sabo, na asali yake so. Maigidana ya yi watanni yana zagaye wuraren da ake farke matattun motoci, har ya samo guda uku masu kama da juna. Kowane da 'yar takarda manne a gefe, mai lambobi. Ya ce ranar Asabar zai duba lambobin a littafi ya ɗora wanda ya dace, don ya riga ya ba Ammu magana. Ya kawo su gida ne, a cewarsa, don in ya bar su a warsha abokan aikinsa sai sun ci wake a kai.

Na buɗe kwalin. Farantai ne zagayayyu, masu ƙyalli, kowane da ɗan rami a tsakiya. Na ce a raina, wanda ya ƙera wannan ya san dambu, har ƙofar tururi ya bari. Na farko ya yi faɗi. Na biyu ya yi tudu da yawa. Na uku kuwa, da na ɗora shi, sai ya zauna ɗaram, bakinsa ya rungumi bakin madambacin kamar tare aka haife su.

Autata, tana da shekara shida a lokacin, tana tsaye tana kallona.

"Umma, na Abba ne fa."

"Aro na yi," na ce. "Zo ki karɓi dabino."

Ta karɓi uku, ta kama bakinta.

Dambu ya yi kyau irin wanda ban taɓa yi ba. Na turara, na sauke, na zuba zogale da albasa da mai da yaji, na mayar. Matan suka cinye har ƙanzo, ɗaya tana ta tambayar sirrin, ina cewa albarka ce kawai. Sai da na zo wanke-wanke na ga takardar nan ta jiƙe ta zama kamar kunu, na sa yatsa sai ta biyo shi.

A nan ne Shaiɗan ya matso kusa. Ya ce mini, in ɗaya ne kawai ba takarda, za a yi tambaya. In duka ukun ne, sai a ce tsabta ce. Na yi istigfari, na kuma ɗauki soso. Na dirje su tas, na goge da tsumma har ina ganin fuskata.

Da maigidana ya dawo na jera masa su a kan tabarma.

"Na wanke maka, Malam," na ce. Kuma ban yi ƙarya ba, na wanke ɗin.

Ya ɗaga ɗaya, ya juya. Ya ɗaga na biyu. Ya zauna a ƙasa a hankali.

"Hajiya, ina takardun?"

"Waɗannan tsofaffin? Duk datti ne a jikinsu."

"Inna lillahi. Takardar nan ita ce iƙamar murfin, katin shaidarsa na zaman ƙasa! In ba ita, wa ya san shi ɗan gidan wa ne?"

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya ƙi cin abinci sosai, yana ta cewa me zai gaya wa Ammu. Sau biyu na buɗe baki zan faɗi sauran labarin, sau biyu na rufe. Auta tana kallona tana tauna dabino na huɗu.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya ce halas, shi ke nan, tunda babu lamba sai a gwada da hannu, in kwaɓa masa ɗan fulawa mai tauri. Na ce sai dai in kai da kaina. Ya dube ni, don ban taɓa neman zuwa warsha ba, amma ya ce yalla, mu je.

Asabar da la'asar muka isa Khumra, ni da Auta a baya. Motar tana tsaye, ja, bakinta a buɗe. Ammu yana zaune a kujerar roba da carbinsa, ya gaishe ni da Hausar da rabinta Larabci ne. Maigidana ya nuna mini yadda abin yake: kasko yana zaune a bakin kafireto, a cikinsa zoben takarda mai tace ƙura, sai murfi a sama, sai wani siririn ƙarfe ya leƙo ta ramin nan nawa na tururi, a ɗaure da noti mai kunnuwa biyu.

Ya ɗora na farko, ya danna gefe, ya yi rawa. Ya ajiye. Ya ɗora na biyu, ya zauna lafiya. Sai ya mulmula fulawata ya ɗora a kai, ya rufe bonet a hankali, ya buɗe. Fulawar ta baje kamar gurasa.

"Ya yi tsawo," ya ce. "In ta hau hanya zai riƙa dukan bonet."

"Ai dama na ukun ne," na ce, kafin in kama harshena. "Bakinsa yana da ɗan lanƙwasa ta ciki, yana kamawa."

Ya juyo. "Ke ya aka yi kika sani?"

"Shekara ashirin ina rufe tukwane, Malam."

Ammu ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Maigidana ya ɗora na ukun, ya zauna ɗaram, ya murɗa noti. Fulawa ta fito da ɗan tabo kaɗan a ka. Ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce, nawa ya fi nasa ƙarfi.

Aka tayar da mota. Ta yi ruri, rufin kwano ya amsa, Auta ta ƙanƙame zanena. Suka bar ta tana ɗumi da bonet a buɗe. Na fara lissafin cewa na tsira.

Ban san cewa man dambu ya maƙale a cikin wannan lanƙwasar da nake yabo ba, inda soso ba ya shiga. Da ƙarfen ya ɗauki zafi, sai wani ƙamshi ya taso a tsakiyar warin fetur, farfelar inji tana watsa shi ko'ina. Albasa. Zogale. Yajina mai citta da kanumfari.

Ammu ya ɗaga hanci. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Subhanallah," ya ce. "Wallahi dambu nake ji. Tun da Yumma mahaifiyata ta rasu ban ji wannan riha, wannan ƙamshin, ba. A motar nan muke kai shi bakin teku."

Maigidana ya sunkuya ya shinshina murfin. Ya miƙe. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, gemunsa yana motsi, ban san ko dariya yake dannewa ko wani abu ba. Na ja gyalena na rufe rabin fuska, na riga na fara tunanin girman kwanon da zan aika wa Ammu.

Sai Auta ta ja ni ƙasa, ta sa baki a kunnena, da raɗar da duk warshar ta ji.

"Umma, wallahi ni ban faɗa ba. Motar ce ta faɗa."