Badamasi Jalo Gammo, Bakaniken da Kunyar Suruki Ta Cinye wa Fansho

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Badamasi Jalo a shekarar 1958 a garin Gammo, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Kabo a yau. Sunan mahaifinsa Malam Jalo, mahaifiyarsa kuwa Furera. Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka rungumi noma, amma ba su saki shanu ba, ba su kuma saki kunyar da suka gada ba. A gidan Malam Jalo yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, balle ya tambaye shi dalili.

Karatu da Sana'a

Ya fara da makarantar allo a ƙofar gidansu, sannan aka sa shi firamare a Kabo a shekarar 1966. Da ya kammala, mahaifinsa ya kai shi Gwarzo koyon gyaran inji, inda ya daɗe yana yi wa ubangidansa hidima har hannunsa ya faɗa. A shekarar 1983 Alhaji Maikuɗi, wani attajiri mai masana'antar matsar man gyaɗa a Gwarzo, ya ɗauke shi aiki, kuma saboda amanarsa bai jima ba ya zama shugaban masu kula da injuna.

Aure

A shekarar 1986 Alhaji Maikuɗi ya aurar masa da 'yarsa Zubaidatu. Jama'a suka ce Badamasi ya tako arziki. Ba wanda ya lura cewa daga ranar mai biyansa albashi ya zama surukin da ba ya iya ambatar sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Shigowar Tsarin Fansho

Bayan dokar fansho ta 2004, an buɗe wa ma'aikatan masana'antar asusu a shekarar 2006. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Duk wata ana cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora nasa kason, a tura gaba ɗaya asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a wani kamfanin kula da fansho, inda za a riƙa juya kuɗin har ranar ritaya. Kuɗin na ma'aikaci ne, mai kamfani ɗan aike ne kawai, kuma haƙƙin ma'aikaci ne ya bincika ko aiken ya isa.

Alhaji Maikuɗi ya tura na shekara biyu, sannan ya daina. Cirewa dai bai daina ba. Da saƙon shigar kuɗi ya ɗauke a wayoyin ma'aikata, sai suka wakilta Zainulabidin direba ya sami Badamasi, tunda shi ne na gida. Badamasi ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba Zainu, mutumin da ya ba ni 'yarsa, ni zan je in ce masa ina kuɗina? Da wane bakin?” Zainulabidin ya ce, “Da bakin da za ka ci tuwo in ka tsufa.” Maganar ba ta wuce nan ba.

A shekarar 2012 ya sayar da ragowar shanun da ya gada domin karatun 'ya'yansa, yana faɗa wa 'yan'uwansa cewa garkensa yanzu yana Kano, ana yi masa kiwo a ofis. Babbar 'yarsa Murja, wadda take karatun jinya a lokacin, ta roƙe shi su je su duba asusun. Ya ce mata, “Kakanki kike so in bincika? Kada in sake ji.” To, makiyayin da ba ya leƙa garkensa, wa zai zarga in ya tarar da turke kaɗai?

Rasuwar Alhaji Maikuɗi

Alhaji Maikuɗi ya rasu a shekarar 2017. Kafin a sallaci gawa, liman ya yi shelar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya fito ya faɗa, domin a biya kafin rabon gado. Ma'aikata suka zuba wa Badamasi ido, yana sahun gaba cikin iyalan mamaci. Leɓensa ya motsa, sai ya dubi 'ya'yan Alhaji, ya mai da kansa ƙasa. Wani dattijo da bai taɓa matse ko mudun gyaɗa ba ya ɗaga murya ya ce an yafe, an yafe. Wa ya naɗa shi wakilin gumin mutane? Wannan ba karamci ba ne, zalunci ne aka naɗa wa rawani. Magada suka sayar da masana'antar, suka raba kuɗin.

Ritaya da Ƙarshen Rayuwa

A shekarar 2018, yana da shekara sittin, ya ajiye aiki, Murja ta raka shi ofishin fansho a Kano. Abin da aka tarar a asusunsa bai kai a tsara masa biyan wata-wata ba, don haka aka tattara aka ba shi gaba ɗaya, kuma bai isa kuɗin bijimi ɗaya ba. Ma'aikacin ofishin ya shaida masa cewa doka ta ba shi damar kai koke, kuma da ya zo tun shekarar da saƙo ya ɗauke, da an tilasta wa mai kamfani ya biya. Badamasi ya ce bai kai ƙarar surukinsa yana raye ba, ba zai kai kawunnan 'ya'yansa ba.

Ya koma Gammo yana gyaran injin niƙa da na ban-ruwa, ga ido ya raunana, ga baya ya ƙi. Da kason da Zubaidatu ta samu a gadon mahaifinta aka riƙa ci da gidan, abin da ya fi komai ci masa rai. Takan ajiye masa kwano ta ce, “Ci abinka, Malam, guminka ne ya zago ta hannuna.” Yakan yi loma kaɗan ya rufe kwanon.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 1444, daidai da Maris na 2023, aka yi jana'izarsa a Gammo. Da liman ya yi shelar masu bin bashi, ba wanda ya fito, domin ko na goro ba a binsa. Sai Zainulabidin ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, “Allah gafarta Malam, a juya tambayar. A tambayi wanda shi yake bi.” 'Ya'yan Alhaji Maikuɗi suna sahun gaba. A wannan karon su ne suka sunkuyar da kai, kuma ba wanda ya ce an yafe. Aka sallace shi, aka binne shi kusa da kabarin mahaifinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Zubaidatu da 'ya'ya biyar: Murja, ma'aikaciyar jinya, Abdulnasir, malamin firamare a Gude, Ikilima, wadda take aure a Mainika, Zinnira, da autansu Abdulrahman. Bai bar musu ko saniya ɗaya ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya karɓar masa abin da kunya ta hana shi nema.