Ɗakin Inna

Ɗakin Inna soron ƙasa ne, a kusurwar gabas ta gidanmu na Kusada. Ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi kamar bakin randa. Bayan rasuwarta, duk Juma'a nakan baro Kankiya, inda nake koyarwa, in shiga in zauna ina kallon azara. A bangon akwai sawun yatsunta huɗu, tun ranar da ta taya masu yaɓe aiki. Shi ya rage mini.

Da Yaya, babban wanmu, ya samu buɗi, sai ya ce zai gyara gidan. Na yi murna. Na roƙe shi abu guda: kafin a taɓa komai, a bari ƙawata ta duba. Tare muka yi sakandare, ita ta wuce ta karanta zanen gine-gine.

Ta zo a kan acaɓa da littafinta da igiyar awo. Ba ta fara da awo ba. Buta ta cika, ta tuttule a tsakar gida, ta tsaya tana kallon inda ruwan ya nufa. Ya gangara a hankali, ya wuce ƙofar ɗakin Inna, ya fita ta wata 'yar kafa a gindin katanga.

"Yaya," in ji ta, "wannan kafar ita ke riƙe da gidan nan, kada a toshe ta. Bangon ƙasa kuma kada a shafe shi da siminti, yana tsotsar laima yana fitarwa. A yi masa sabon yaɓe da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa irin na da. Zan zana muku komai, in riƙa zuwa ina duba aikin."

Magini, wani dattijo da ya bar aikin ƙasa ya koma na bulo, ya kwashe da dariya.

"Hajiya ƙarama, tun ba a yaye ki ba nake ɗora bulo. Yanzu buta ce za ta koya mini aiki?"

Kawu ya ce, "Makuba? To mu koma kunna aci-balbal mana!"

Yaya bai yi dariya ba, amma ya ja ni gefe. "Ƙanwata, bokon nan ya yi miki yawa. In biya mai zane, in biya mai gini? Me mutane za su ce in na gyara gida suka ga ƙasa?"

Aka dama wa ƙawar tawa fura, aka raka ta bakin titi. Takardar da ta zana ta damƙa mini ita.

Aka shafe bango da siminti, ciki da waje, sawun yatsun ya shige ƙarƙashi. Aka ɗaga tsakar gida aka shimfiɗa tayil. Kafar nan aka toshe ta, wai kwaɗi ke shigowa. Gida ya yi kyau, ban musa ba. Har maƙwabta suka riƙa leƙowa.

Daminar farko ruwa ya kwanta a ƙofar ɗakin, muka riƙa kwashewa da bokiti. Ta biyu, na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ganga. Na faɗa wa Yaya. Ya ce fenti ne ya kumbura.

Wata Laraba bayan azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, ɗakin ya durƙusa. Babu kowa ciki. Matar Kawu da ta gani ta ce ko ƙara bai yi sosai ba, zama kawai ya yi.

Na iso na tarar ana ta "Allah Ya kiyaye gaba." Magini na cewa ginin ƙasa dama kwanansa ƙidayayye ne. Yaya ya dube ni ya ce, "Ƙaddara ce."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Na tona cikin taɓo har hannuna ya yi jini, ina ɓanɓare siminti, ko zan ga yatsun. Ƙasar duk ta narke. Takardar tana cikin jakata har yau, da 'yar kibiya a jiki, tana nuna wa ruwa hanya.